Yaron Talabijin da Ɗan Iya

Abubuwa da yawa sun faru a shekarun nan na tashin hankali waɗanda yanzu in na so tunawa sai na yi ta lalube. Amma wata yammar Lahadi a tsakar gidanmu na haya a Bagadaza, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, kuma na san har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Abin da zai ba ku mamaki, wasan kwaikwayo ne na talabijin ya jawo ta.

A lokacin ɗinki nake yi. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi makonni ban sa shi a ido ba, don haka daga ni sai yara sai kekena. Gidan irin mai ɗaki-ɗaki ɗin nan ne, kowa da ƙofarsa da murhunsa, igiyar shanya kuwa ɗaya, kullum a kanta ake faɗa. Mai gidan, wanda duk muke kira Alhaji, dillalin hatsi ne, dattijo mai farin gemu, yana sashen gaba da matarsa, Bafulatana da muke ce wa Dada. Mutum ne mai tsare gida, ba ya zalunci amma ba ya son abin da zai taɓa masa suna ko kaɗan.

Wanda bai zauna a Gombe a wancan lokacin ba, ba zai gane irin zaman da muka yi ba. Shinge a kowace hanya, a ƙofar kasuwa a buɗe miki jaka, a ƙofar masallaci a laluba maza. In taya ta fashe a titi sai kin ga mata sun watsar da kayan miya sun ranta a na kare. Taro ya zama abin tsoro, baƙo ya zama abin zargi. Masu unguwa sun ja kunnen duk mai gidan haya cewa ya san wanda ya ba ɗaki, in wani abu ya faru shi za a fara kamawa. Biki ma a gurguje ake yi a watse.

A cikin wannan ƙuncin ne wata tasha ta fara nuna wani wasan kotu duk Lahadi bayan La'asar. Ni kaɗai ke da talabijin da ɗan janareta a gidan, sai na riƙa fito da ita bakin ƙofata in ɗora a kan teburin yankan yadi. Labarin wani saurayi ne bakanike da aka kashe mai shago a layinsu, wani maƙwabci ya nuna shi ya ce shi ya gani, aka kama shi aka kulle. Wata lauya siririya mai kaifin baki ta tsaya masa, lauyan gwamnati mai tumbi ya rantse sai an rataye shi. Shi ke nan labarin, amma wallahi ya kama mu kamar ƙwarya a hannun mai jin ƙishi.

Kafin a yi wata guda tsakar gidan nan ta zama wata kotun. Da ɗan sandan wasan ya daka tsawa ya ce "Kotu!" sai yaranmu su miƙe tsaye ƙyam, mu kuwa mu yi ta dariya. Akwai Malama, maƙwabciyata 'yar Kaltungo da ke koyarwa a firamare, da ta dawo daga coci ta ci abinci sai ta jawo kujerarta, ita ke fassara mana in lauyoyi suka ɓarke da Turanci. Dada kuwa da mai shaidar nan ya buɗe baki sai ta tafa hannu ta ce, "Fewre! Wallahi fewre!" wato ƙarya yake yi, ta kuma ɗora masa zagi da Fulatanci wanda gara da ba ma ji. Ni ma ba a bar ni a baya ba. Akwai ranar da na jefi lauyan gwamnati da murfin kwano, Allah ya taimake ni ya sauka a ƙafar teburi.

Alhaji da farko faɗa ya zo yi. Ya leƙo ya ce, "Tela, wannan ƙarar janareta da ihun mata fa? Kun manta halin da gari yake ciki?" Ina ba shi haƙuri idonsa na kan talabijin. Ya ce bari dai ya ga abin da alƙalin zai ce. Ya tsaya a tsaye har aka gama. Lahadi ta gaba ya zo da kujerarsa, ta gaba da ita kuma ya aiko da man janareta tun da safe, wai kada a zo tsakiyar shari'a abu ya mutu. Daga nan duk gidan babu wanda ya kai shi zafi a kan yaron nan bakanike.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa juyowa ta kalla ba, ita ce Iya. Tsohuwa ce daga Barno, ta iso Gombe da jikokinta biyu bayan an tashe su daga garinsu, rabin hanya a ƙafa rabi a bayan motar itace. Ɗakinta na kusa da nawa. Ɗinkin hula take yi da hannu, irin mai ƙananan zane da ke cin ido, da shi take ciyar da yaran. Ba ta da yawan magana, Hausarta ma a hankali take fita. Da safe in na ce, "Iya, ina kwana?" sai ta ce, "Wushe, 'yata," ta koma kan allurarta.

Iya tana da ɗa namiji ɗaya tilo, uban yaran nan, mai faci ne a bakin titi a can garinsu. Wata safiya aka zo aka fito da samarin unguwarsu aka jera su a rana. Aka riƙa wucewa da su ɗaya bayan ɗaya ta gaban wata mota, a cikinta akwai wani da aka rufe wa fuska. Wanda ya girgiza wa kai ya koma gida, wanda ya ɗaga wa kai a jefa shi mota. Da aka zo kan ɗanta, mutumin ya ɗaga kai. Ba ta san ko wane ne ba, ba ta san dalili ba, kuma ba ta sake ganin ɗanta ba.

Ana cikin nuna wasan nan ne wani ramammen mutum ya yi sallama a gidanmu yana neman ta. An sako shi ne daga inda ake tsare da su, ya yi ta cigiya har ya gano inda take. Ya ce ɗanta ya rasu a can, ciwo ne ya kama shi, kuma shi da hannunsa ya rufe masa ido. Ya ce marigayin ne ya ɗora masa amanar ya nemo ta ya gaya mata bai yi komai ba. Ya sha ruwa ya tafi, ko sunansa bai yarda ya faɗa ba.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafinta ta nufi sashen Alhaji, ni kuma ina wanki kusa da zaure, duk abin da aka faɗa a kunnena. Ta durƙusa ta ce, "Alhaji, ɗana ya rasu. Ba ni da gawa, ba ni da kabari. Ina roƙon ka bari a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kwana uku, maza su zauna su yi masa Fatiha."

Alhaji ya ce, "Iya, ki rufa mini asiri kamar yadda Allah ya rufa miki. In motar sintiri ta tsaya aka ce makokin wa ake yi, in ce me? In ce na wanda ya mutu a tsare?" Ta ce, "Bai yi komai ba." Ya ce, "Ni ban san shi ba, Iya. Ban taɓa ganinsa ba. Wa ya san abin da ya yi?" Ta tashi ta koma ɗakinta.

Kada ku ce mugu ne. Tsoro ne, kuma tsoron bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Mu mata mun shiga ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, an kai mata kunu, an riƙe mata hannu. Amma na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai. Kowa sai ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Iya." Ita ake yi wa addu'a. Shi kuwa mamacin, "Allah ya jiƙansa" ɗin nan da ake yi wa kowane Musulmi, sai ta maƙale a maƙogwaro, wanda ya iya faɗa ma da raɗa ya faɗa yana waige. Maza kuwa ko ɗaya bai tako ba. A wurinmu kuma kun sani, mutuwar da ba a shimfiɗa mata tabarma ba, ba a ɗaga hannu an shafa ba, kamar ba a yarda mutum ne ya mutu ba.

Wata rana ina taya ta zare zare ta ce mini, "'Yata, ko akuya ce ta mutu ana zuwa a ce wa mai ita Allah ya mayar da alheri. Ni tabarma kawai na roƙa."

Haka aka ci gaba da kallon wasa. Duk Lahadi Iya na bakin ƙofarta, ta ba talabijin gefe, kanta a sunkuye kan hula. Alhaji kuwa sai ƙara ɗaukar zafi yake yi. Ranar da aka hana yaron beli ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Wannan wane irin zalunci ne? Don wani ya nuna ka da yatsa shi ke nan ka zama mai laifi? Ina hujja? An tambayi yaron? An ji ta bakinsa?" Na ji jinina ya hau. Na buɗe baki zan yi magana, Malama ta mintsine ni a cinya har sai da na yi ƙara. Ta raɗa mini, "Maigidanki ba ya gari, kina so ki kwana a titi da yara?" Na haɗiye. Na saci kallon Iya, allurarta ba ta tsaya ba.

Ranar da za a nuna kashi na ƙarshe, tun azahar gida ya fara cika. Matan maƙwabta suka shigo da tabarminsu, samarin layi suka tsaya ta zaure, har mai shayin bakin titi ya rufe tebur ya zo. Rabon da in ga mutane sun taru haka ba tare da fargaba ba har na manta. Alhaji ya sa sabuwar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ce yau gaskiya za ta yi halinta.

Aka buɗe kotu, akwatin wanda ake tuhuma babu kowa, aka ce motar gidan yari ce ta makara. Lauyar nan ta ce a ci gaba, ta sa aka dawo da mai shaida. Jama'a, ban taɓa ganin an tuɓe mutum da tambaya kamar ranar ba. A hankali take binsa, ba tsawa ba hayaniya. A ina ka tsaya? Wace fitila ce a layin? Ka ce babu wuta a daren, to da me ka ga fuskarsa? Mutumin ya fara gumi, ya nemi ruwa, ya ce ya manta, ya ce bai manta ba. Daga ƙarshe ya dafa katako ya fashe da kuka, ya ce ƙarya ya yi, rumfar da yaron ke aiki a ciki yake so, shi ya sa ya nuna shi.

Gidanmu ya kaure. Dada ta rangaɗa guɗa, samari na ta ihu suna tafawa da juna, Malama ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Alhaji ya miƙe tsaye yana cewa, "Ban gaya muku ba? Ban gaya muku ba?" kamar shi ya yi aikin.

Alƙali ya buga guduma ya ce a shigo da wanda ake tuhuma. Sai wani gandiroba ya shigo shi kaɗai, ya ƙame, ya cire hularsa. Ya ce, ranka ya daɗe, yaron ya rasu da asubar yau a gidan yari, zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Uwar yaron da ke zaune a bayan kotu ta sulale ƙasa. Alƙalin ya cire tabarau ya daɗe yana kallon akwatin nan da babu kowa, sannan ya ce a rubuta cewa wannan kotu ba ta sami yaron da laifin komai ba, ko da ba ya nan ya ji.

Wallahi tallahi kuka muka yi. Ba hawayen kunya ba, kuka sosai da majina. Na ga ƙaton mai shayin nan ya juya ya kifa kansa a bango. Alhaji ya koma kujera jagwab, hawaye na bin gemunsa. Sai kawai ya ɗaga hannuwa sama, ya ce, "Allah ya jiƙan yaron nan. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya haskaka kabarinsa. Allah ya saka masa." Mu kuma gaba ɗaya muka ce, "Amin!" Ya ce a yi masa Fatiha. Muka ɗaga hannu, manya da yara, muka karanta muka shafa. Malama ma ta sunkuyar da kai ta ce amin. Babu wanda ya ji abin wani iri, don a zukatanmu a lokacin an yi mana mutuwa ne.

Muna sauke hannu, tashar ta fara nuna fuskokin 'yan wasan kamar yadda suke yi in shiri ya ƙare. Ga alƙali yana gyara rawani, ga lauya tana dariya, ga yaron da muka gama yi wa Fatiha ya rungume mai shaidar ƙarya suna ɗaga wa mutane hannu.

"Alhaji."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Iya ce. Karon farko ta juyo ta fuskanci talabijin, ta nuna ta da allurar da ke hannunta.

Ta ce, "Ga shi can yana dariya. Yanzu zai tafi gida uwarsa ta zuba masa tuwo. Kun yi masa Fatiha. Nawa ba wasa ba ne. Shi ma nuna shi aka yi. Shi ma ba a tambaye shi ba. Shi bai tashi ba, Alhaji. Shi wa zai ce Allah ya jiƙansa?"

Ban san lokacin da na kai hannu na kashe janareta ba. Shirun da ya biyo baya, ban taɓa jin irinsa ba, har kukan tantabarun maƙwabta ana ji. Matar da ko gaisuwa da ƙyar take ɗaga murya, ga ta ta tsayar da gida guda da 'yan kalmomi, ba zagi ba kuka. Kowa ya sunkuyar da kai, hannuwanmu da muka shafa a fuska ko bushewa ba su yi ba.

Alhaji ya kalle ta, ya kalli baƙin gilashin talabijin. Ya dafa sanda ya tashi ya shige sashensa, ko kujerarsa bai ɗauka ba. Mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Dada ta zo ta kama hannuna ta ce, "Tela, tunda nake da shi ba a taɓa yi masa haka a gaban mutane ba." Ni kaina na gama yanke cewa gobe Iya za ta kwashe kayanta. Har na fara tunanin inda zan raɓa ta da jikokinta in abin ya kai haka.

Washegari bayan sallar Asuba na ji ƙarar tsintsiya a waje. Na leƙa ta zaure, sai ga Alhaji da kansa, dattijon da ko butarsa ba ya ɗauka, ya tattare riga yana share ƙofar gida. A gefe ga tabarmin masallacin layinmu a naɗe. Ya shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita bakinsu, sannan ya shigo ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya tsaya a ƙofar Iya ya yi sallama.

Da ta fito sai ya durƙusa. Gwiwoyinsa har ƙara suka yi. Ya ce, "Iya, yaya sunansa?"

Sai a lokacin na tuna, duk zamanmu da ita babu wanda ya taɓa tambayar ta sunan ɗan nan. Ta faɗa masa. Ya maimaita, ya haɗa da sunan uban, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙansa. Allah ya gafarta masa. Allah ya sa can ta fi masa nan." Da ƙarfi ya faɗa, yadda na ɗakin ƙarshe ma zai ji. Iya ta buɗe baki za ta ce amin, sai kukan da ta riƙe tun ranar da ramammen mutumin nan ya zo ya ƙwace mata. Na taro ta muka zube tare a bakin ƙofa. Kuka take yi kamar yanzu aka kawo mata labarin.

Da hantsi Alhaji da liman ne kawai a kan tabarma. Mutane na wucewa suna satar kallo, wasu su canza hanya. Can sai ga mai shayi ya zo ya tuɓe takalmi ya zauna. Sai samarin da suka yi kallo jiya. Sai mijin Malama ya dawo daga kai yara makaranta, ya zauna a gefen liman ya ce, "Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙuri." Kafin azahar sai da aka ƙaro tabarma daga cikin gida.

A rana ta biyu abin da ake tsoro ya zo. Ina zaure ina miƙa ruwa na ji motar sintiri ta rage gudu, ta tsaya. Wani mai kaki ya sauko da bindiga a kafaɗa, ya ƙare wa taron kallo, ya ce da gurɓatacciyar Hausa, "Baba, mene ne a nan?" Wasu har sun fara laluben takalmansu. Alhaji ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Zaman makoki muke yi." Mai kakin ya ce, "Na wa?" Alhaji ya ce, "Na ɗan gidan nan." Mutumin ya ɗan tsaya, ya kalli liman, ya kalli tsofaffin da ke jan carbi. Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba," ya hau mota suka wuce. Na koma ciki, na sami Dada ta toshe bakinta da mayafi tana hawaye.

Amma abin da ya fi girgiza ni sai a rana ta uku, ranar sadaka. Mun kwana muna shiri, ni na soya waina, Dada ta yi gumba, Malama ta kawo itace da manja. Ashe labari ya zaga gari cewa a Bagadaza an shimfiɗa wa wani ɗan Barno tabarma. Tun da safe sai ga mata suna shigowa, daga Pantami, daga Kumbiya-Kumbiya, wasu ma ban san daga ina ba, tsofaffi da masu goyo, duk 'yan gudun hijira. Ba su san Iya ba, ita ma ba ta san su ba. Suka cika tsakar gidan har bakin rijiya.

Da liman ya fara addu'a a waje, sai wata tsohuwa ta jawo gefen zanena ta ce, "'Yata, ki ce wa malam ya sa da nawa." Ta faɗi suna. Na je zaure na gaya wa Alhaji, ya gaya wa liman, na ji an ambace shi an ce Allah ya jiƙansa, maza suka amsa. Kafin in juyo wata ta tare ni da sunan mijinta. Wata ƙaninta. Wata 'ya'yanta biyu, ta ce ba ta san ko suna raye ba, a dai roƙa musu rahama duk inda suke. Na yi ta kai da kawowa tsakanin tsakar gida da zaure har muryata ta dushe. Liman bai gaji ba, maza ba su tashi ba, rana ta take amma babu wanda ya nemi inuwa. Duk sunan da aka kira a waje, sai ki ji wata a ciki ta ja dogon numfashi ta ce amin. Ban san ashe haka mutane ke yawo a garin nan da matattunsu a ciki ba, muna haɗuwa da su a kasuwa muna ciniki.

Da aka shafa aka watse, Iya ta kira ni. Idanunta sun kumbura amma fuskarta ta saki, ban taɓa ganinta haka ba. Ta ce, "'Yata, yau na binne shi." Ta ce in zuba mata waina, yunwa take ji.

Yau shekaru sun shuɗe, Alhaji ya riga mu gidan gaskiya, Iya ta koma garinsu da jikokinta da hanya ta buɗe. Abin da na koya a tsakar gidan nan shi ne, tausayi ba ya yi mana wuya in babu abin da zai ci mana. Mun iya gane zalunci sarai, mun iya kuka a kansa, muddin yana cikin akwati ne da za a iya kashewa a tashi. Wanda aka zalunta da gaske shi ne wanda ke zaune a ƙofar da ke kusa da taka, yana jin ka kana yi wa wani addu'ar da shi ka hana shi. Har gobe ina kallon wasanni, kuma har gobe ina kuka, ban daina ba. Amma duk ranar da wasa ya sa ni hawaye, ba na bari su bushe sai na yafa mayafi na shiga maƙwabta na tambayi wanda aka daɗe ba a tambaya ba.